Kujerar Inna a Bakin Kanta

Masu rubuta min sharhi a ƙasan shafina cewa wai Zinariya ta samu miji har gida tana yanga, na gan ku, kuma na yafe muku. Amma don Allah wata a cikinku ta zo ta tsaya inda nake tsayawa na wuni guda, sannan mu yi maganar yanga.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Zinariya, gidanmu yana Ƙofar Ran. Ina aiki a wani ƙaton kanti a nan Bauchi, irin wanda ake tura kwando mai taya ana ɗiban kaya kamar ba za a biya ba. Ba zan faɗi sunansa ba, a unguwarmu dai Gidan Sanyi ake ce masa saboda na'urar sanyaya wuri. Ni ina cikin masu karɓar kuɗi a kanta. Duk wanda ya shigo sai ya ce, “Kai, ku kam kun huta, ga sanyi ga ƙamshi.” To ai fuska yake gani, kanta ta ɓoye masa ƙafa.

Dokar kamfani, wadda aka aiko daga Legas, ita ce mai karɓar kuɗi ba ta zama. Wai zama yana kashe murmushi. Daga buɗewa har rufewa muna tsaye, sai ɗan lokacin salla da na abinci, shi ma wani yana kallon agogo. Waya tana kulle a loka. In za ki tafi gida a lalube jakarki tas, akwai ranar da mai gadi ya kwance min ƙullin dambu ya shinshina. Kuma duk 'yan kwantiragi ne mu, yau kina nan, gobe a ce ki ajiye katin shaidar aiki.

Wanda aka ɗora wa sa ido a kanmu kuwa shi ne Mansir. Eh, Mansir ɗina. Dogo, baƙi, mai wushirya, ga iya ɗaura agogo. Da safe kafin in fito saƙonsa zai shigo: “Zinarina, kin tashi lafiya? Ki karya da kyau, ba na so ki rame.” Ina isa wurin aiki, in na ɗan jingina da kanta, sai in ji murya a bayana: “Kanta ta uku, a miƙe.” Mutum ɗaya ne fa. Na taɓa tambayarsa ko su biyu aka haifa, ya ce aiki daban, so daban.

Kuma ina sonsa. Gara in faɗa tun yanzu, kada ku ɗauka wani ne ya tura ni. Inna dai ta fi ni rawar kai. Tun ranar da ya fara kawo mata madara da taliyar da ake karyar wa ma'aikata in kwanansu ya kusa ƙarewa, ta daina kiransa Mansir, ya koma Manaja. Na ce, “Inna, ba manaja ba ne, manajanmu Mista Festus ne.” Ta ce, “Ke kika sani. Wanda ya kawo madara shi ne manaja.” Babu gidan da ba ta shiga ba a layinmu ta sanar da cewa ranar Asabar bayan la'asar manyan Manaja za su kawo goro da alawa na tambayar aurena. Har labulen ƙofar ɗakinta ta canza, alhali baƙin a zaure za su tsaya.

Ana cikin haka Bridget ta tare ni a bayan firjin kaji.

Bridget ita ce a kanta ta biyu, kusa da ni. A Gwallaga suke zaune, iyayenta daga kudu suka zo, ita kuwa a kasuwar Wunti ta koyi Hausa, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura har silifas ɗin mijinta take sakawa. Ta roƙi kujera, aka ce sai an tambayi Legas. Legas kuma har yau tana tunani. Shi ne ta je ofishin ƙungiyar ma'aikatan kantuna, suka ce mata ba za su iya shiga ba sai mu da kanmu mun nuna bakinmu ɗaya.

Ta ce, “Ba yajin aiki za mu yi ba. Ran Asabar kowa ya zo da kujera daga gida. In azahar ya yi, mu zauna, mu ci gaba da aiki. Su gani ko murmushi zai mutu.”

Na ce, “Asabar? Bridget, wace Asabar?”

“Wannan. Ranan ne mutane ya fi yawa.” Ta kama hannuna. “Zinariya, kai ne budurwan oga. Kowa kai yake kallo. In ka zauna, duka za su zauna. In ka tsaya, ni kaɗai za a kora.”

Na kalli ƙafarta, na kalli kajin da ke firji, su ma a kwance suke abinsu. Na ce mata zan yi tunani, kamar Legas.

Ranar Alhamis da yamma Mansir ya zo zance. Na saka atamfata mai ruwan ganye da mayafi ruwan madara, na ɗan goga hoda, na shafa humra. Ina fitowa da tiren ruwa na tarar Bappa ya riga ni kama shi a zaure.

Bappa yayan mahaifina ne, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba, kuma shi ne waliyyina. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, ya yi sakataren ƙungiyarsu shekara da shekaru, har yau bai sauka ba a ransa. Kowa Kwamared ne a wurinsa, har mai sayar da ruwa a kura. Ya kashe rediyonsa, alamar magana za ta yi tsawo.

Ya ce, “Kwamared Mansir, an ce min a wurinku babu ƙungiya.”

Mansir ya gyara durƙuso. “Bappa, ai ba ma buƙata. Albashi ba ya tsallake wata. Matasa nawa ne suke yawo da takardu a garin nan, mu muka ɗauke su? Talaka ya shigo ya sayi kaya farashi a rubuce, ba wanda zai yi masa algus a mudu. Amma kullum mu ake zagi a rediyo, wai muna bautar da mutane.”

“To me ya sa ba a zama?”

“Tsari ne, Bappa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.”

“Aski aka ce, ba a ce a tsaye za a yi shi ba. Wanzami ma zama yake yi.”

Na danne dariya da mayafi. Mansir ya ɗan harare ni, ya ci gaba, don shi ma ba baya ba ne. “Allah ya ba ka haƙuri, Bappa, amma 'yan ƙungiya fa na gan su. A yanki kuɗin yara duk wata, shugabanni su yi tumbi, in rigima ta tashi su shiga ofis su sha shayi da manaja, yaran su rasa aiki. Kuma in aka matsa wa kamfani, ya nannaɗe tabarmarsa ya bar garin, wa gari ya waya? Ku da kuke da ƙungiya mai ƙarfi, yau ina jirgin?”

Ba a taɓa wa Bappa jirgi. Ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar.

Ya ce, “Jirgi ba ƙungiya ce ta kashe shi ba, wannan karatun sai ka zo da safe. Masu tumbi kuma akwai su, na san su da sunayensu, wani ma na yi masa wankan gawa. Amma ɗan fanshon da nake sayen batirin rediyon nan da shi, ba don kyan fuskata aka ba ni ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kai yanzu in manajanku ya tashi da ciwon kai ya ce ka ajiye kati, wa zai tsaya maka?”

“Ni ai ba zan yi abin da za a kore ni ba.”

“Haka kowa ke cewa.”

Sai ga muryar Inna daga bayan ƙyaure, ashe tana laɓe. “Yaya, don Allah ka bar yaron nan ya sha ruwa. Aure ya zo nema, ba zaɓe ba.”

Bappa ya ce, “Kwamared, ki koma kan tuwonki.”

Da ya tashi tafiya na raka shi bakin ƙofa. Ya rage murya ya ce ya ji ƙishin-ƙishin abin da ake shiryawa, kuma Mista Festus ya rantse duk wadda ta zauna ta zauna kenan. “Zinarina, ki rufa min asiri. Ki tsaya ranar nan kawai. Bayan biki ma ai barin aikin za ki yi.”

Na ce, “Bridget kuma wa zai aure ta ta bar aikin?”

Ya tada mashin. Bai kai gida ba saƙo ya shigo: “Kin yi kyau yau.” Da hoton zuciya har uku. Na kalla na kifa wayar. Gaba kura, baya sayaki.

Asabar da safe gidanmu kamar ana suna. Inna ta sa an share zaure an yayyafa ruwa, an jera duk kujerun roba na gidan saboda baƙi, ta zauna tana gadinsu. Ni kuwa har na saka jar rigar aiki da baƙin hijabi ban san me zan yi ba. Sai da na zo saka takalmi na tuna silifas ɗin mijin Bridget. Na leƙa madafa. Kujera ɗaya ce ba a ƙirga da ita ba, 'yar tsugunon Inna ta katako wadda take tuƙa tuwo a kai, duk ta sha hayaƙi. Na cusa ta a buhun bagko na fice.

Inna ta ce, “Me kika ɗauka?”

Na ce, “Kayan wanki.” Allah ya yafe min.

Shiga ba ta yi wuya ba, don masu gadinmu abin da ke fita kawai suke bincike, ko akuya kika shigo da ita ba ruwansu. Sauran 'yan mata masu hankali sun kawo dogayen kujeru, wata ma ta aro ta mai shagon aski. Kowa ta tura tata ƙarƙashin kanta.

Muna dawowa daga sallar azahar, kanti ya cika maƙil, Bridget ta jawo kujerarta ta zauna. Na ji idanu a kaina ta ko'ina. Can wajen shinkafa na hango Mansir yana girgiza min kai a hankali. Na ce bismillahi, na jawo kujerar Inna, na zauna.

Sai na ɓace.

Abin da ban lissafa ba kenan. Kanta ta kai min ƙirji in ina tsaye, kujerar Inna kuwa ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Na tsinci kaina a ƙasa ni da kwandon shara, ina kallon wayoyin na'ura. Ta gefe na ji ƙarar kujeru, ƙiii, ƙiii, layi ya zauna gaba ɗaya. Tashi kuma ba dama, an ce ni ake kallo, ko da yake ba wanda ke ganina.

Wata dattijuwa ta iso da kayanta. “Salamu alaikum, nan ba kowa ne?”

Na miƙo hannu sama na lalubi gwangwanin tumatir ɗinta. Ta ja baya tana a'uziyya. Na ce, “Sannu da zuwa, Hajiya, mutum ce,” na kuma yi murmushi yadda doka ta ce, ga kwandon shara. Bridget ta kifa kai tana dariya har da hawaye, tana riƙe ciki. Masu sayayya suka fara ɗaga waya suna ɗauka. Wani yana cewa ai gaskiyarsu ne, ko a banki zama ake yi, wani yana cewa 'yan matan yanzu ba sa son wahala, su biyun suka kaure da musu a kan layi, ga ƙanƙararsu tana narkewa.

Mista Festus ya fito yana gumi duk da sanyin, waya a kunne, yana ta rusuna wa Legas kamar suna ganinsa. Ni tausayi ma ya ba ni. Ya sauke wayar, ya nuna kantata, ya ce da irin tasa Hausar, “Mansir, ka fara da naka. Ya tashi, ko ka karɓi kati.”

Na ga takalman Mansir sun zagayo. Ya tsuguna, muka yi daidai. Ban taɓa ganin idonsa haka ba.

“Zinariya, tashi. Don Allah.”

“Ba zan iya ba.”

“Su Kawu suna can suna shirin tafiya gidanku. Ki tuna yau wace rana ce.”

“Na tuna. Kai ma ka kalli ƙafar Bridget.”

Bai kalla ba. Ya daɗe a tsugune, sannan ya sa hannu ya zare igiyar katin daga wuyana, a hankali, kada ta ja min hijabi. Wannan lallaɓawar ta fi komai yi min ciwo. Da fizga ya yi da na samu abin zagi.

Na miƙe, na ɗauki kujerata, na buɗe loka na ɗauki waya, ban ko kunna ta ba. A bakin ƙofa mai gadi ya tare ni ya juya kujerar Inna sama da ƙasa, wai ina rasit. Na ce ya duba baƙin hayaƙin, shi ne rasit. Sai da na shiga keke sannan kuka ya zo, mai keken yana ta ba ni haƙuri, ya ɗauka rasuwa aka yi.

Ina isa gida na ga takalma a ƙofar zaure, baƙi sun iso. Na bi ta ƙaramar ƙofa. Inna ta gan ni da jan ido da kujerarta a hannu, ta ce, “Ni 'yasu, tun safe nake nemanta, a kan bulo na yi girki.” Kafin in rufe baki da labari ta ɗora hannu a ka. Hayaniyarta ce ta shigo da Bappa. Ya saurare ni har ƙarshe, bai katse ni ba.

Ya ce, “Ga goro can a gabana, ban taɓa ba tukuna. Ba zan karɓa a kan abin da ban ji daga bakinki ba. A karɓa ko a mayar?”

Inna ta ce, “Yaya, wace irin tambaya ce wannan? Aikinsa ya yi. Yaro mai riƙon amana, gobe shi za a ba kantin gaba ɗaya. Ke kuma in kika kunyata ni a layin nan...”

Ni ba aikin ne ya tsaya min a rai ba. Hannun nan nasa nake ji a wuyana. Na ce a raina, yau kati ne, gobe in wani babba ya ce ya zare wani abin, haka zai zare a hankali yana ba ni haƙuri.

Na ce, “A mayar, Bappa.”

Ya ce, “Kin san goro in ya fita ba ya dawowa da sauƙi.”

“Na sani.”

Ya fita. Ban ji me ya faɗa musu ba, na dai ji salati, na ji jan takalma, na ji an tare keke. Inna ta zube a tabarma tana lissafa gidajen da za ta daina bi ta ƙofarsu. Na shiga ɗaki na faɗa kan katifa, na kunna waya don in goge lambarsa.

Saƙonnin murya na Bridget ne suka yi ta shigowa. Na danna na farko, hayaniya ta cika ɗakin.

“Zinariya, ina ka shiga? Ka ɗauki waya mana. Bayan ka tafi, oga Festus ta ce Mansir ta karɓi kati na. Mansir ta zo, ta kalli ƙafa na, ta tsaya kamar gunki. Sai ta tafi ta ɗauko katon na taliya, ta ajiye a kanta naka, ta zauna. Katon ya fashe, ta faɗi ƙasa, ta ƙi tashi. Masu gadi ma sun zauna. Yanzu mutanen ƙungiya sun zo, suna ofis da oga.”

Na danna na biyu.

“Mu an ce mu zo Litinin a yi magana. Amma Mansir an karɓi kati nata, wai ita babba ne, ba ta cikin ƙungiya, ba mai tsaya mata. Tana nan waje a kan mashin, ta ce ba ta da fuskan kiran ka.”

Ban san lokacin da na diro daga katifa ba. Na zari mayafin da hannuna ya kai gare shi, na zura takalmi, ƙafa ɗaya nawa, ɗaya na Inna. Ashe duk ta ji. Ta riga ni bakin ƙofa ta baza hannuwa.

“Ina za ki?”

“Goron, Inna. Ba su yi nisa ba.”

“Wane goro? Na marar aikin yi? Ai Allah ne ya rufa mana asiri. Ni dama yaron nan tun farko bai kwanta min ba.”

“Inna, Manaja fa.”

“Manajan wa? Koma ciki.”

Na sunkuya ta ƙarƙashin hannunta na wuce. A zaure Bappa yana zaune, ga kujeru babu kowa, ya ɗago zai yi magana, na ce, “Ta ina suka bi?” Ya nuna da hannu. Na fita da gudu, ni da ko a makaranta ban taɓa gudu ba, yara suna kaucewa, mai ƙosai tana kiran sunana.

Na iso bakin titi ina haki. Yamma ta yi, an taso daga kasuwa, kekuna sun cika hanya daga nan har inda ido ya ƙare, duk ruwan ɗorawa, duk sun ba ni baya. Ban taɓa ganin fuskar kawun Mansir ba, ban san kalar rigarsa ba. Na tsaya a tsakiyar titi, ana ta yi min oda, na fara leƙa su ɗaya bayan ɗaya ina tambaya ko akwai mai goro.